Nauyin Jiƙaƙƙen Kwali

Shekara goma sha huɗu Mai Sikeli ya yi yana auna kwali, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa kiran abin da yake yi ilimi, sai da ƙanwarsa ta zo ta ɗauki hotonsa da waya.

Wurin aikin nasa fili ne mai shingen kwano a bayan kasuwa, inda ake tara tsofaffin kwalaye a ɗaure su a aika masana'antar takarda. Shi ne a bakin ƙofa, da sikelin ƙarfe mai faɗin gado, da kujerar roba wadda aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya, da littafi a cinya. Masu tsintar kwali su turo baro, a ɗora, ya dubi allura, ya rubuta kwanan wata da nauyi. Littafi ashirin da bakwai ya cika haka, yana ajiye su a kwali a ƙarƙashin gadonsa, ba don wani ya ce ya ajiye ba. Manaja ma, da masu baro, da mai shayin bakin titi, duk Mai Sikeli suke ce masa, har ya kusa mance yana da wani sunan.

A da kuwa shi ne mai ƙwaƙwalwar gidansu. A shekarar da ya gama sakandare takardar shiga jami'a ta zo masa, mahaifinsu kuma ya rasu a watan da ta zo. Ya ninke takardar ya sa a ƙasan akwati ya ce sai baɗi. Baɗin nan har yau ana jiransa. Ƙanwarsa Auta tana da shekara goma a lokacin, shi ne ya koya mata lissafi da murfin kwalba a tsakar gida, yana dungure mata kai in ta ɓata.

Da Auta ta gama digirin farko, babu wanda ya kai shi murna, don tattalin arziki ta karanta, abin da ke can nesa da shi, wajen masu kwat da ofis mai sanyi. Digiri na biyun ne ya ɓata lamarin. Sunan karatun ma dogo ne, tattalin arziki da tafiyar da albarkatu yadda za su ɗore, Umma ba ta taɓa iya faɗarsa har ƙarshe ba. Idan maƙwabta sun tambaye ta sai ta ce, “Ana koya musu yadda za a ci duniya ne ba tare da an cinye ta ba.”

“Karatun bola dai, Umma,” in ji Mai Sikeli.

Aka yi dariya, har da Auta. Shi kaɗai ya san ba wasa yake yi ba.

Wata Asabar, suna cin abincin rana a ɗakin Umma, Auta ta ajiye cokali ta ce, “Yaya, littattafan nan naka suna nan?”

“Waɗanne?”

“Na awo. Farfesar da ke duba aikina ta ce kundin bincikena ba zai yi armashi ba sai da lambobi na gaske, na shekaru da yawa. Na gaya mata yayana yana da na shekara goma sha huɗu, kullum, babu fashi. Ka san me ta ce? Wai ko hukumomi ba su da irinsu.”

Wani abu mai daɗi ya taso masa a ƙirji. Bai kai ga fuska ba Umma ta kashe shi.

“Ba ta mana,” ta ce tana ƙara wa Auta miya. “Kai me za ka yi da su? Tarkacen takardu sun cika wa matarka ɗaki. Gara su je hannun wadda za ta san amfaninsu.”

Ya ba ta. Ya kinkimo kwalin da kansa har bakin mota. Amma maganar nan ta wadda za ta san amfaninsu ta bi shi gida, ta kwana da shi, ta tashi da shi.

Daga nan Auta ta fara zuwa filin. Tun daga bakin titi za ta ɗaga murya, “Yaya!” masu baro su juya, shi kuma ya sha mur kamar an kira shi da sunan banza. Manaja, wanda bai taɓa tambayar ko kujerar Mai Sikeli tana da ƙafa nawa ba, shi ne ya fito mata da tasa kujerar ta ofis mai juyawa, yana ce mata Malama. Rannan ta ce ai da ana ware kwali mai kauri da mara kauri tun daga ƙofa da an rage wahala biyu. Manaja ya zaro biro ya rubuta yana gyaɗa kai, ya ce, “Kai, ilimi daban ne. Mai Sikeli, ka ji ko? Daga gobe haka za a yi.”

Shekara uku ke nan da Mai Sikeli ya faɗa wa mutumin nan wannan maganar, sak, a wannan wurin, aka ce masa ya tsaya a kan sikelinsa. Bambancin kawai ita ta haɗa da Turanci.

A faɗi gaskiya, hassada ce ta kama shi, ba wani abu ba. Ya yi ƙoƙarin sa mata wasu sunaye, ya ce gajiya ce, ya ce haushin Manaja ne, amma ita ce. Yana son yarinyar nan, da wani zai taɓa ta da sai inda ƙarfinsa ya ƙare. Duk da haka in ya ga jakar kwamfutarta rataye a ƙusar da yake rataye hularsa, sai ya ji kamar an zauna masa a ƙirji. Ta je ta yi digiri a kan komai mana, duniya da faɗi. Me ya kawo ta kan kwalinsa?

To, akwai wata ɗabi'a ta filin nan da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Kwali yana shan ruwa kamar soso. Da damina in an kawo shi a jiƙe, allura takan haura fiye da gaskiya. Mai Sikeli yakan rubuta abin da allura ta nuna, don Manaja ba ya son a taɓa lambar sikeli, sai ya ɗiga ɗan ɗigo a gefen lambar. Ɗigo ɗaya, a cire kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗigo biyu, kwalin ya yi sharkaf, a cire ɗaya cikin uku. Kowa a filin ya san wannan, har ba wanda yake tunanin abin faɗa ne.

Wata safiya babu mutane sosai, Auta ta jawo wani akwatin katako ta zauna kusa da shi da littafi na tara a buɗe.

“Yaya, wannan ɗigon fa? Ina ta ganinsa a wasu shafuka. Yana nufin wani abu?”

Amsar tana bakinsa, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Sai ga Manaja ya leƙo daga ofis yana cewa, “Malama, a kawo miki ruwan sanyi?”

Mai Sikeli ya dubi shafin kamar yau ya fara ganinsa. “Biro ne,” ya ce. “Irin masu arahar nan, zuba suke yi.”

“Haba, na ɗauka wani sirri ne,” ta ce tana dariya, ta juya shafi.

Bai shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi. Ya gaya wa kansa ai ba komai, masu ilimi ne, su da kwamfutocinsu za su gano. In ma ba su gano ba, gobe zai faɗa mata. Gobe ta zo, baro ya yi yawa.

Bayan wata biyu ta zo gidansa da yamma, bakinta har kunne, ta buɗe kwamfuta a kan tabarma, yara suka yanyame ta. Ta nuna masa wani zane mai layi yana hawa yana sauka.

“Dubi, Yaya. Kowace shekara, watannin damina, kwalin da ake kawowa yana ƙaruwa da kusan kashi talatin cikin ɗari. Shekara goma sha huɗu, ba ta taɓa saɓawa ba! Ka san dalili? In ruwa ya tsayar da aikin gini, leburori sai su koma tsintar kwali. Wato sana'ar nan ita ke riƙe gidajen talakawa a lokacin da aiki ya yanke. A kan wannan na gina kundin gaba ɗaya. Farfesa ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya nuna haka da lambobi ba.”

Ya ƙura wa layin ido. Ya san kowane tudun nan. Ruwan sama ne, ruwan sama zalla, an zana shi da shuɗin launi an sa masa suna. Da damina rabin masu baro ma ba sa fitowa.

“Ya yi kyau,” ya ce.

Da ta tafi, matarsa tana kwashe kofuna ta dube shi ta gefen ido. Shekara goma sha ɗaya suna tare, ta san shirunsa iri-iri.

“Baban yara, me ka gani a zanen nan?”

“Me zan gani? Ni na yi jami'a?”

“Ban tambaye ka jami'a ba. Na ga fuskarka ne irin ta ranar da aka kawo maka kwali da dutse a ciki.”

Ya ce ta ƙyale shi, kansa ke ciwo. Ta ƙyale shi, amma ta ajiye kofunan da ƙarfi.

Kada a zalunce shi, ya yi yunƙuri. Sau ɗaya ya je gidan Umma da niyyar faɗa, ya tarar da ita a ƙofa tana ba maƙwabciya labari: wata ƙungiya mai kula da sharar birni ta yi wa Auta alkawarin aiki, da ofis nata na kanta, da zarar ta kare kundinta a watan nan. “Shi kuma wannan,” Umma ta nuna shi da haɓa cikin ƙauna, “yana nan da kwalinsa, Allah ya yi masa haƙuri.” Ya gaishe su ya juya. Sau na biyu ya kira ta a waya da tsakar rana. Ta ɗauka cikin raɗa, “Yaya, ina tare da Farfesa, zan kira ka.” Ta manta ba ta kira ba. Ya riƙe wannan da hannu biyu. Ai ya kira. Ita ce ba ta da lokacin mai awon kwali.

Ranar kare kundi ta dage sai ya zo. Ya ce aiki, ta ce ta riga ta roƙi Manaja. Ya sa kayansa masu kyau, ya zauna a layin baya kusa da Umma a wani ɗaki mai fanka huɗu, biyu na aiki. A gaba akwai dogon tebur da malamai uku: Farfesar Auta, da wani mai gilashi, da wata dattijuwa gajera da aka gayyato daga wata jami'ar, wadda ta cire takalminta a ƙarƙashin tebur tana tsammanin ba a gani.

Auta ta miƙe. Kafin ta kunna majigi ta ce tana neman izinin minti ɗaya.

“Duk lambar da za ku gani yau mutum ɗaya ne ya rubuta ta da hannunsa, kullum, shekara goma sha huɗu, ba wanda ya sa shi ajiyewa. Shi ya koya mini lissafi. Shi ya kamata ya riga ni tsayawa a nan, ya ajiye nasa karatun don mu ci abinci. Na roƙi Farfesa, ta yarda, in an buga binciken nan sunansa zai fito tare da nawa. Yaya, don Allah miƙe a gan ka.”

Ya miƙe, don Umma tana zungurinsa. Aka tafa. Farfesa ta juyo ta ɗan rusuna masa da kai, mai gilashi ma haka. Umma tana share ido da gefen mayafi tana cewa, “Ɗana ne, babban.” Abin da ya shekara goma sha huɗu yana jira ke nan, ga shi an ba shi a gaban mutane. Ya so ya buɗe baki a nan take. Ya dubi fuskar Auta tana haske, ya koma ya zauna.

Ta yi bayani da kyau, wannan kam. Ba ta yi in-ina ba, ba ta duba takarda ba. Mai gilashi ya yi tambayoyi biyu ta amsa. Sai dattijuwar ta jawo kundin, ta lashi yatsa, ta buɗe can ƙarshe inda aka manna hotunan wasu shafukan littafin awo.

“'Yata,” ta ce a hankali, “kin taɓa ɗaga kwalin da ruwa ya doka?”

Auta ta ce, “A'a, ranki ya daɗe.”

“Ni na ɗaga. Kafin in shiga koyarwa shekara shida na yi a masana'antar takarda. Watannin nan da kika ce kwali yana ƙaruwa, anya ba ruwa kika auna ba?”

“Lambobin sikeli ne, ranki ya daɗe. Wanda ya rubuta su ba ya kuskure.”

“Ban ce ya yi kuskure ba. Na ga ma ya fi ki hankali.” Ta ɗaga shafin ta sa farce a gefen wata lamba. “Ga ɗigo nan. Ga wani. Ga biyu a nan. Duk a watannin ruwa, babu ko ɗaya a rani. Kowane mai awo yana da alamarsa ta jiƙaƙƙen kaya. Mutumin nan ya gaya miki gaskiya a kowane shafi. Kin tambaye shi me ɗigon nan ke nufi?”

Auta ta ɗago ido, ta tsallake malamai, ta tsallake ɗalibai, ta sauke shi a layin baya. Ba ta daɗe ba. Amma ya ga lokacin da ta tuna safiyar nan da akwatin katako da littafi na tara, ya ga lokacin da ta gane.

Da ta faɗa musu cewa ta tambaye shi, da ya fi masa sauƙi. Ya ma ɗan ɗaga daga kujera yana jiran a kira shi.

“Ban tambaye shi ba, ranki ya daɗe,” in ji Auta. “Sakacina ne.”

Dattijuwar ta girgiza kai. “Ga malami a gida, kika tsallake shi kika tafi wajen kwamfuta. Ku yaran yanzu ke nan.”

Ba a kayar da ita ba. An ba ta wata shida ta sake lissafin daga tushe, ta sake rubuta babi uku, ta dawo. Ƙungiyar ba ta iya jiran wata shida ba, ta ɗauki wani ɗan ajinsu. A hanyar gida Umma ta yi ta yi wa dattijuwar Allah ya isa, wai baƙin ciki ne irin na tsofaffin da ba sa son yaro ya tashi. Sannan ta juya ga Mai Sikeli ta dafa gwiwarsa. “Kai dai ka taimaka mata, ka ji? Ka ga yadda ta ɗaukaka ka a gaban mutane.” Auta tana gaba kusa da direba, tana kallon titi.

Sati biyu ba ta kira ba, shi ma bai iya kira ba. Ya ɗauki waya ya ajiye ya fi a ƙirga. Matarsa ba ta tambaye shi komai ba, wannan ya fi tambayar ciwo.

Ranar Talata aka wayi gari da ruwa. Wajen ƙarfe goma ya ɗan tsagaita, filin ya zama taɓo, baro uku kacal suka shigo tun safe. Yana zaune a ƙarƙashin ɗan rufin kwano sai ya gan ta tana tahowa daga bakin titi, da takalmin roba, ba jakar kwamfuta, sai littafi na ɗaya a cikin leda. Ya jira ta ɗaga murya yadda ta saba. Ta ƙaraso shiru, ta gaida masu baro, ta gaishe shi kamar yadda ake gaida kowa. Manaja ya leƙo zai kawo kujera ta ce ya bar ta, ta jawo akwatin katakon nan ta zauna.

Wani dattijo ya turo baro, kwalin ya yi baƙi da ruwa yana ɗiga. Aka ɗora. Allura ta haura ta tsaya a arba'in da takwas. Mai Sikeli ya rubuta lambar, sai hannunsa ya tsaya a sama da takardar. Tana kallon bakin biron. Ya sauke shi, ya ɗiga ɗaya, ya ɗiga na biyu.

“Ɗaya cikin uku za ki cire,” ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. “In ɗigo ɗaya ne, ɗaya cikin huɗu. Auta, ranar nan da kika tambaye ni...”

“Ɗaya cikin uku,” ta maimaita tana rubutawa a bayan littafin. “Ɗaya cikin huɗu. Tun daga littafi na ɗaya haka yake, ko an taɓa canzawa?”

“Haka yake. Auta, ki tsaya in...”

“Akwai wata alamar da ya kamata in sani?”

Ya gaya mata ta gicciye, wadda ke nufin an sami dutse ko ƙasa a cikin kaya, da ɗan layin da ke nufin ranar sikeli ya sami matsala. Ya gaya mata duk abin da ya sani, har da wanda ba ta tambaya ba, yana sauri kamar mai tsoron za a rufe ƙofa. Ta rubuta duka da kyakkyawan rubutun nan nata, wanda shi ya koya mata riƙe biron.

Da ta gama ta mayar da littafin cikin leda, ta ƙulle bakin ledar saboda ruwa, ta miƙe.

“Zan dawo jibi da na biyu da na uku,” ta ce. “Na gode, Mai Sikeli.”

Ta bi ta cikin taɓon ta fita. Dattijon mai baro yana tsaye yana jira a sauke masa kayansa, sai da ya yi magana sau biyu kafin a ji shi.